Gyambon kwanciya da barcin da ba ya ƙarewa: amsa ga wanda mahaifiyarsa ke gidan kula da tsofaffi a Amurka

Tambaya: Mahaifiyata shekarunta 79, tana da ciwon suga, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, kuma mantuwa ta fara kama ta. Wata biyar ke nan tana wani gidan kula da tsofaffi a nan Amurka, domin ni da maiɗakina duk aiki muke fita, ɗaga ta da kwantar da ita kuma sun fi ƙarfinmu. Kimanin mako uku ke nan ta koma yawan barci, ba ta cika gane mu ba, ta kuma rame. Maiɗakina ta ga wani ciwo mai wari a gindin bayanta, da shatin taruwar jini a damtsenta. Ma'aikatan sun ce tsufa ne kawai. Sakaci ne wannan ko cin zarafi, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri. Kada ka karɓi "tsufa ne" a matsayin bayani. Tsufa ba ya zuwa cikin mako uku, kuma ba ya wari. Kowanne daga cikin abubuwan da ka lissafa yana da sanadi da za a iya ganowa, kuma dokar Amurka ta wajabta wa gidan ya rubuta shi a takarda.

Kafin maganar laifin wane, akwai abin da ba zai jira ba. Tsohuwa mai ciwon suga da gyambo mai wari, wadda hankalinta ya dushe cikin ɗan lokaci, ana ɗaukarta a matsayin wadda ƙwayoyin cuta suka shiga jininta har sai gwaji ya nuna ba haka ba ne. Ka je yau, ka nemi nas ɗin da ke kan aiki ta auna zafin jikinta, bugun zuciya, hawan jini, yawan numfashi, iskar da ke jininta da kuma suga, a gabanka. Kada rashin zazzaɓi ya kwantar maka da hankali, domin jikin tsoho sau da yawa ba ya yin zafi ko da ciwo ya ci ƙarfinsa, 37.8 a ma'aunin Salshiyas, wato 100 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, ya isa a kira shi zazzaɓi a wurinta. Idan numfashinta ya kai 25 a minti ɗaya, ko lambar sama ta hawan jini ta sauka ƙasa da 100, ko suga ya yi ƙasa da 70, ko ana tashinta ba ta farkawa sosai, asibiti za a kai ta. Idan gidan ya tsaya jan ƙafa, kana da ikon kiran lambar gaggawa ta 911 da kanka. Ko da ma'aunan sun fito daidai, ka nemi likita ya gan ta da idonsa cikin kwana ɗaya, ba ta waya ba, a yi gwajin jini na ƙoda da gishirin jiki da ƙwayoyin jini.

Sai gyambon, wanda shi ne ya fi komai nuna irin kulawar da take samu. Gyambon kwanciya yana fitowa ne idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina ratsa wurin. Mai lafiya yana juyawa cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an juya shi. Sa'o'i kaɗan na danniya sun isa nama ya fara mutuwa, kuma daga ciki yake farawa, kusa da ƙashi, shi ya sa abin da ido ke gani a waje kan zama ƙarami a kan ɓarnar da ke ƙasa. Wuraren da ya fi kamawa su ne gindin baya, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu da ƙeya. Fitsari ko bayan gida da aka bari a famfas yana jiƙa fata ta yi laushi, jan mutum a kan zanin gado maimakon ɗaga shi yana yage ta, rashin abinci mai gina jiki kuma yana hana ta warkewa.

Mataki huɗu ake kasa shi. Na farko, fata ba ta fashe ba amma launinta ya sauya. Na biyu, ta saluɓe ko ta yi bororo. Na uku, ramin ya kai ga kitsen da ke ƙarƙashin fata. Na huɗu, ana ganin tsoka ko jijiya ko ƙashi. Akwai kuma wanda mataccen nama baƙi ko rawaya ya rufe, ba a iya sanin zurfinsa sai an kankare. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: yawancin ma'aikata an koya musu su nemi jan fata a mataki na farko, alhali baƙar fata ba ta yin ja. A jikin Hajiya wurin zai yi duhu ne fiye da kewayensa, ko ya yi shunayya, ko sheƙi, ya yi ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko taushi idan an taɓa. Wanda bai kunna fitila mai haske ya kuma sa hannu ba zai wuce shi, sai ya fashe a ce yanzu ya fito. Wannan na daga cikin dalilan da ake gano gyambon baƙaƙen fata a makare.

Abin da ya kamata a ce ana yi mata ba boyayye ba ne. Tun ranar da aka karɓe ta ake auna haɗarinta da ma'aunin Braden, wanda makinsa ke tsakanin 6 da 23; duk wanda ya samu 18 ko ƙasa yana cikin haɗari, kuma mai irin lalurarta ba shakka yana ciki. Daga nan a riƙa juya ta kamar duk sa'a biyu dare da rana, idan kuma tana kan keken guragu a gyara mata zama duk sa'a guda. Ba a kwantar da ita sosai a kan kwatangwalo; ana karkatar da ita ne kaɗan, kimanin digiri 30, a tokare bayanta da matashi. Kan gadon ba ya wuce digiri 30 sai lokacin cin abinci, domin idan ya yi tsayi jiki na zamewa ƙasa, fatar gindin baya ta tsaya a manne da zani, naman ciki ya yage. Ana sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa. Ana ba ta katifa ta musamman, mai iska ko soso mai rarraba nauyi. Ba a murza wurin da ya fara duhu, ba a sa mata zoben roba ta zauna a kai, dukansu ƙara ɓarna suke yi. Mai gyambo kuma tana buƙatar furotin kimanin giram 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 60 tana neman giram 75 zuwa 90, abin da shayi da burodi ba za su kawo ba.

Gaskiya ne akwai gyambon da ba a iya kaucewa, musamman ga wanda ke gab da ajali, jini ya daina isa fatarsa. Amma ƙa'idar gwamnatin tarayya ba ta yarda gida ya ce ba makawa ba sai ya nuna ya auna haɗarin, ya tsara matakan kariya, ya aiwatar da su, ya bibiya, ya sauya su da suka gaza. Don haka ka nemi ganin makin Braden ɗinta, takardar juyawa, da bayanan ciwon na mako-mako: tsawo, faɗi da zurfi a santimita, ranar da aka fara gani, da wanda aka sanar. Doka ta ce a sanar da likita da wakilin iyali duk lokacin da yanayin mara lafiya ya yi babban sauyi. Gyambon da ya kai ga wari ba a kira ka ba, wannan kaɗai saɓa ƙa'ida ne. Idan ka ga takardar juyawa an cike ta tsaf da rubutu iri ɗaya da biro ɗaya daga safe har dare, ka sa alamar tambaya, domin irin wadda ake cikewa a zama ɗaya ke nan.

Barcin kuma, hankalina ya fi karkata ga magani, ko da yake ba shi kaɗai ba ne. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Ruɗewar da ta zo cikin kwanaki wani abu ne daban, kuma tana da nau'in da mutum ba ya hayaniya, sai dai ya yi lamo yana gyangyaɗi. Irin wannan ne aka fi wucewa, saboda mai barci ba ya damun kowa. Abubuwan da ke kawo ta su ne cutar huhu ko ta mafitsara ko ta gyambo, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida na kwanaki, fitsarin da ya taru ya ƙi fita, zafin ciwo da ba a magance ba, faɗuwar suga, jinin da ya taru a kai bayan faɗuwa, da sabon magani.

Ka nemi takardar da nas ke sa hannu duk lokacin da ta ba da magani, wadda suke kira MAR, ta wata biyu da suka wuce. Ka ɗora ta kusa da jerin magungunan da aka sallame ta da su daga asibiti, ka duba abin da aka ƙara kimanin mako uku zuwa huɗu baya. Sunayen da za ka nema su ne quetiapine, risperidone, olanzapine da haloperidol, waɗanda magungunan taɓin hankali ne, sai lorazepam da danginsa na kwantar da hankali, da diphenhydramine, da gabapentin, da masu kashe zafi irin su tramadol da oxycodone. A 2005 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin magungunan taɓin hankali, cewa suna ƙara yawan mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa da kimanin ninki 1.6 zuwa 1.7, a 2008 kuma ta haɗa da tsofaffin irinsu haloperidol. Duk da haka a 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a kowane mako sama da mutum 179,000 a gidajen tsofaffi na Amurka ana ba su waɗannan magunguna ba tare da suna da ciwon da aka yi maganin dominsa ba. Dalilin a fili yake: tsohuwar da ke kiran mutane da dare ko take ƙin wanka tana cin lokacin ma'aikaci, wadda aka sa barci ba ta ci. Doka ta ɗauki wannan tamkar ɗaure mutum da igiya, ta kuma hana. Dole a sanar da mara lafiya ko wakilinta kafin a fara, tana da ikon ƙi, umarnin "a ba ta idan an ga buƙata" ba ya wuce kwana 14 sai likita ya sake duba ta, kuma dole a gwada rage shi sannu a hankali. Ka duba jerin cututtukan da aka rubuta mata ma. Idan ka ga an ƙara mata ciwon hauka na sikizofiriniya a shekara 79, alhali ba ta taɓa yin sa ba, ka tsaya a kai. Ciwo ne da ke farawa a ƙuruciya, kuma tun 2023 hukumar CMS ta gwamnatin tarayya, mai sa ido kan gidajen tsofaffi, ke binciken gidajen da ke rubuta shi don su halatta ba da maganin.

Ka yi tunanin abin da ya faru ta ɓangarenta. Mai ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya daga baya, ya koma ga na gidansu. Hajiya tana cewa a rufe mata jiki, ko tana neman ruwan alwala, ko tana ture namijin da ya zo sauya mata famfas, ma'aikacin da ba ya jin Hausa sai ya rubuta cewa tana faɗa, tana ƙin kulawa. Daga wannan rubutun ake kiran likita, daga kiran likita sai ƙwaya. Kana da ikon neman a rubuta a tsarin kulawarta cewa mace ce za ta riƙa yi mata wanka da tsarki, a samo tafinta ta waya, a ba ta abincin halal, a kiyaye mata lokutan salla. Ka rubuta musu kalmomi goma ko ashirin a kwali, ruwa, ciwo, sanyi, fitsari, sannu, tare da ma'anarsu, ka liƙa a kan gadonta.

Kuskuren magani ba a kan masu sa barci ya tsaya ba. Ga mai suga, wanda ya fi kisa shi ne a yi allurar insulin a kan lokaci, abincin ya makara ko ta ci loma biyu ta bari. Wadda ta rame, ƙodarta ta raunana, adadin insulin ko ƙwayar glipizide da ya dace da ita wata biyar baya yanzu ya yi mata yawa, kuma faɗuwar suga a tsoho kan zo da barci da ruɗewa ba tare da gumi ko rawar jiki ba. Ka duba lambobin suga na asuba. Wani kuskuren shi ne daka ƙwaya a zuba a abinci ga wanda haɗiya ke yi wa wuya: ƙwayoyin da aka yi su saki magani a hankali, masu ER ko SR ko XL a bayan sunansu, idan aka daka su maganin yini guda yana shiga jini a lokaci ɗaya. Filastar fentanyl, mai kashe zafin ciwo, ana sauya ta duk sa'a 72, kuma ana samun a manna sabuwa a manta da tsohuwa a baya ko kafaɗa. Maiɗakinka ta duba jikinta kaf. Methotrexate na mako-mako ne, ba da shi kullum yana kashewa. Warfarin, maganin tsinka jini, yana buƙatar gwajin INR mai auna tsinkewar jinin a kai a kai, galibi ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna harba shi sama cikin kwanaki. Ibuprofen da naproxen suna cin ƙodar tsoho, suna kuma sa ciki zubar jini.

Akwai kuma jerin gwanon magani, wanda ba a cika kiransa kuskure ba alhali shi ne. An ba ta amlodipine don hawan jini, ƙafa ta kumbura. Maimakon a sauya shi sai a ƙara furosemide mai sa fitsari. Ruwan jiki ya ragu, jiri ya zo, ta faɗi, ta fara tashi da dare. Sai a ƙara maganin barci. Ƙwaya ɗaya ta haifi uku. Doka ta ce masanin haɗa magunguna ya duba magungunan kowane mazaunin gidan sau ɗaya a wata, ya rubuta wa likita abin da ya gani. Ka nemi wannan rahoton, ka tambayi likita a kan kowace ƙwaya: don me ake ba ta, yaushe aka fara, me zai faru idan aka daina. Amma kada ka hana ta wani magani da kanka, domin wasu, irin su lorazepam, yanke su kwatsam na iya kawo farfaɗiya.

Ramar tana da ma'auni. Raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyi a wata ɗaya, ko 7.5 a wata uku, ko 10 a wata shida, ƙa'ida ta ɗauke ta babban al'amari da ke wajabta kiran likita da masanin abinci. Mai kilo 60 da ta rasa kilo 3 a wata ta shiga ciki. Yadda abin ke faruwa shi ne a ajiye tire a gefen da ya shanye, ko a nesa da hannunta, da robobin da ba ta iya buɗewa, bayan rabin sa'a a ɗauke a rubuta ta ƙi ci. Ciyar da wanda ya yi shanyewar jiki yana cin minti 30 zuwa 40. Ana zaunar da ita tsaf, a ba ta ƙaramar loma, a jira ta haɗiye, a bar ta a zaune rabin sa'a bayan an gama. Idan tana ƙwarewa, ko muryarta na yin kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ta sha, abinci na iya gangarawa huhu, a nemi masanin haɗiya ya gwada ta. Ruwa kuma kimanin lita ɗaya da rabi a rana ne mafi ƙaranci, sai idan likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Ka leƙa bakinta: busasshen harshe, farin dasashi, ko haƙoran roba da suka yi mata yawa bayan ta rame duk suna hana ci.

Shatin damtsen shi ne wanda ba za a yanke hukunci a kansa daga nesa ba. Fatar tsoho siririya ce, idan kuma tana shan aspirin ko clopidogrel ko wani maganin tsinka jini saboda shanyewar jiki, ɗan bugun ƙarfen gado ya isa jini ya taru. Irin wannan a bayan hannu da dantse da ƙwauri ya fi fitowa. Wanda ke tayar da hankali shi ne shati a fuska, wuya, kunne, ƙirji, baya, cinya ta ciki, al'aura ko tafin ƙafa. Wanda faɗinsa ya wuce santimita 5. Mai siffar yatsu, huɗu a gefe ɗaya da babban yatsa a ɗaya gefen. Ko zobe a wuyan hannu da idon sawu, alamar ɗauri. Shatin yatsu a damtse sau da yawa daga finciko mutum ne, ma'aikaci ɗaya yana yin aikin da ke buƙatar mutum biyu ko injin ɗagawa, kuma jan hannun da ya shanye na iya gurɗe kafaɗa. Ko ba da niyyar cutarwa aka yi ba, rauni ne da dole a bincika. Launin shati ba ya faɗin kwanakinsa, kada wani ya ce maka tsoho ne don ya yi duhu. Ka tambaya ko ta faɗi. Idan ta bugi kai tana kan maganin tsinka jini, hoton ƙwaƙwalwa ake yi, domin jini na iya taruwa a hankali har makonni, alamarsa kuma wannan barcin ne.

Ka lura da halinta: ko tana firgita idan wani ma'aikaci ya shigo, ko tana kare fuska, ko ta yi tsit. Kuma ka san cewa ba kai za ta faɗa wa ba. Uwa Bahaushiya ba za ta buɗe wa ɗanta namiji maganar jikinta ba, balle idan kai ne na fari. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A bar maiɗakinka ko wata dattijuwa da ta yarda da ita su zauna su biyu, ƙofa a rufe, a tambaye ta da Hausa ba tare da an sa mata magana a baki ba. "Yaya aka yi hannun nan?" ya fi "Wane ne ya doke ki?" Mantuwa ba ta soke maganarta. Idan akwai jini a kamfai, ciwo a gaba, ko ta ambaci an taɓa ta, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafin ko zanin gadon, a kira 'yan sanda a kai ta asibiti. Kada a manta wani lokaci mai cutarwar wani mazaunin gidan ne da ya ruɗe, kuma kare ta daga gare shi ma nauyin gidan ne.

A ganina, abin da ka bayyana ya fi kama da sakaci haɗe da matsalar magani, kuma a dokar Amurka sakaci laifi ne mai zaman kansa ko ba wanda ya ɗaga hannu. Tushensa kusan kullum ƙarancin ma'aikata ne. Mataimakiya ɗaya da mutum goma sha biyar ko ashirin da dare ba za ta iya juya kowa duk sa'a biyu ba, komai tausayinta, kuma da yawa daga cikin masu wannan aiki 'yan'uwanmu ne baƙi daga Afirka da ke yin sa a kan ƙaramin albashi. Saboda haka ka kai ƙararka sama, wurin masu tsara yawan ma'aikata. Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce: binciken babban sufeton ma'aikatar lafiya ta Amurka na 2014 ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku na masu Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, da aka kai irin waɗannan gidaje bayan asibiti sun cutu a lokacin zamansu, kuma kashi 59 cikin 100 na cutarwar ana iya kauce mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ruwaito cewa ma'aikata biyu cikin uku a irin waɗannan wurare sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda kafin a tambaye su.

Ga yadda za ka bi. Ka ɗauki hoton gyambon da shatin yau, da izininta, a rufe sauran jikinta, a ajiye rula ko tsabar kuɗi a gefe don a ga girma. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta rana, lokaci, abin da ka gani, sunan wanda ka yi wa magana da amsarsa. Ka tabbata kana da takardar wakilci ta lafiya, domin in babu ita za su iya hana ka fayil. In akwai, doka ta ba da damar ganin fayil cikin sa'a 24 ban da ranakun hutu, kwafi kuma cikin kwana biyu na aiki. Ka rubuta wa shugabar nas-nas da manajan gidan takarda ko imel, kada ka tsaya a maganar baki, ka nemi taron tsarin kulawa cikin mako. A taron kada ka yarda da "za mu ƙara kula". A rubuta wa zai juya ta, ƙarfe nawa, wace katifa, yaushe masanin gyambo zai zo, wane magani za a rage, ranar da za a sake auna nauyinta. Da zarar ka ambaci zargin cin zarafi ko raunin da ba a san asalinsa ba, wajibi ne gidan ya kai rahoto ga hukumar jiha, cikin sa'a 2 idan zargin cin zarafi ne ko rauni mai tsanani, cikin sa'a 24 idan bai kai haka ba.

Kada ka jira su. Kowace jiha tana da ofishin Ombudsman na masu zaman gidajen kulawa, aikinsa tsaya wa mazauna, kyauta ne, kuma lambarsa dole tana manne a bangon gidan. Ƙarar da ke sa a turo masu bincike ba tare da sanarwa ba ita ce wadda ka kai ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma kana iya neman a ɓoye sunanka. Akwai kuma Adult Protective Services, ofishin kare tsofaffi da masu rauni daga cin zarafi, sannan layin Eldercare Locator, 1-800-677-1116, zai haɗa ka da ofishin yankinku. Na san abin da ke hana mutanenmu magana: tsoron a huce a kan tsohuwa, da kunyar a ji a gari cewa an kai uwa gidan tsofaffi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987 ta haramta ramuwar gayya a kan wanda ya yi ƙorafi, kuma ba a sallamar mutum sai da dalilin da doka ta lissafa, da sanarwar kwana 30 a rubuce a mafi yawan hali, da damar ɗaukaka ƙara. Idan aka kai ta asibiti, ka nemi takardar riƙe mata gado, domin a nan ne wasu gidajen ke ƙin karɓar mutum ya dawo.

Ka riƙa zuwa a lokutan da ba a sa ranka: ƙarfe bakwai na safe, lokacin abincin dare, ranar Lahadi. Ka danna ƙararrawar kira ka duba agogo. Ka lura da gefen da take kwance da ka shigo, ka ga ko an juya ta kafin sa'a biyu. Ku raba kwanaki da 'yan'uwa da matan masallacinku, ko don a samu mai ba ta abincin rana da hira da Hausa. Maganar kyamara a ɗaki ta danganta da jiha; Texas da Illinois na cikin waɗanda dokarsu ta yarda, da sharaɗin amincewar abokiyar ɗaki da sanya sanarwa, don haka ka tambayi Ombudsman kafin ka ɗaura.

Idan ka yanke shawarar sauya mata gida, ka shiga shafin Care Compare na Medicare. Kada taurari biyar na gaba ɗaya, wato makin da shafin ke ba kowane gida, su ɗauke maka hankali. Ka buɗe na binciken lafiya da na yawan ma'aikata, ka duba sa'o'in nas a ƙarshen mako da yawan masu barin aiki, ka karanta rahoton binciken ƙarshe, wanda dole gidan ya ajiye inda baƙo zai gani. Cikin takardun karɓa za ka iya tarar da yarjejeniyar sasanci wadda ke hana ka zuwa kotu. Ba sharaɗin karɓa ba ce, kana iya ƙin sa hannu, wanda ya sa kuma yana da kwana 30 ya janye. Idan gyambon ya kai mataki na uku ko na huɗu, ko an samu karaya, ka ga lauyan da ya ƙware a shari'ar gidajen tsofaffi da wuri, domin kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, a wasu ma shekara ɗaya ce kacal. Ka karɓi kwafin fayil ɗinta cikakke kafin ka sanar da su cewa za ka ɗauke ta.